Maganin barci da faɗuwar tsofaffi: ƙwayar ce ke kayar da mahaifiyata?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 74, kuma ta yi watanni tana shan diazepam kowane dare saboda rashin barci, a kemis muke sayo mata. Kwanan nan ta faɗi sau biyu, duka da asuba a hanyar banɗaki, na biyun har ta yi targaɗe a hannu. Tana kuma shan maganin hawan jini. Shin ƙwayar ce ke jawo wannan, ko tsufa ne kawai? Mu daina ba ta?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi mata. Ba a yanke hukunci a kan mara lafiyar da ba a gani ba, amma bisa abin da kika bayyana, ƙwayar nan ce abu na farko da zan zarga. Sai dai kada ku tsayar da ita farat ɗaya.

Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da bromazepam da ake sayarwa da sunan Lexotan, duk dangi ɗaya ne da ake kira benzodiazepine. Suna rage kuzarin ƙwaƙwalwa, suna sakin tsoka, suna kuma jinkirta saurin da jiki ke yi wajen gyara tsayuwarsa idan ƙafa ta zame, ta yadda tuntuɓen da mutum zai iya tarewa da dafa bango sai ya kai shi ƙasa. Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani ga tsoho shi ne hantarsa ba ta sarrafa maganin da sauri, kuma diazepam yana maƙalewa a kitsen jiki. Matashi ɗan shekara 20 yana fitar da rabin abin da ya sha cikin kimanin awa 20, amma ɗan shekara 80 yakan ɗauki kusan awa 90. Ke nan ƙwayar daren jiya ba ta gama fita ba ake ɗora ta yau a kanta, haka maganin ke taruwa a jiki, ga shi kuma ƙwaƙwalwar tsoho ta fi saurin jin tasirinsa. Shi ya sa Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Amurka, a jerin Beers da ta sabunta a 2023, ta sa wannan dangin cikin magungunan da ya kamata a guje wa bai wa 'yan shekara 65 zuwa sama.

Ba mamaki faɗuwar ta zo da asuba. A lokacin maganin yana da ƙarfi a jini, fitsari ya matsa, ana sauri kada salla ta wuce, ɗaki da duhu, ga buta a hannu, ga daɓen banɗaki a jiƙe. Idan aka haɗa da maganin hawan jini, wanda kan sa jini ya sauka a daidai lokacin da mutum ya miƙe daga kwance ko daga tsugunno, sai jiri ya ɗebe ta. Ku duba kuma ko tana shan Piriton ko Phenergan don mura ko ƙaiƙayi, ko maganin tari mai sa gyangyaɗi, ko amitriptyline don ciwon jijiya, domin kowannensu yana ƙara wa na barcin nauyi, kuma iyalai ba sa lissafa su cikin magunguna masu haɗari.

Ban yarda a ce tsufa ne kawai a yi shiru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Abin da muka fi tsoro shi ne karayar ƙashin ƙugu, wadda kan kwantar da tsoho watanni, wani ma ba ya sake tafiya da ƙafarsa.

Dalilin hana tsayarwa farat ɗaya shi ne, bayan watanni jiki ya saba da maganin, kuma cire shi kwatsam na iya haifar da rawar jiki, firgici, rikicewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ku kai ta wurin likita cikin makon nan, domin ya tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni ko watanni, ya auna jininta a kwance da a tsaye, ya kuma binciki abin da ke hana ta barcin tun asali, ko ciwon gwiwa ne, ko yawan fitsarin dare, ko damuwa. Wannan magani ne da bai kamata kemis ya sayar ba tare da takardar likita ba.

Kafin ranar asibiti, a daina ba ta goro da shayi daga la'asar, a rage mata barcin rana, a bar fitila a kunne a hanyar banɗaki, a naɗe tabarmar da ke kan hanya, kuma ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe. Idan ta sake faɗuwa ta bugu a kai, ko ta rikice, ko ta kasa taka ƙafa, ku kai ta asibiti nan take.