Me ya haɗa manɗiƙi da sarauta a wurin malaman da?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Wani ya ce mini manɗiƙi ilimin Girkawa ne, bai kamata Musulmi ya kusance shi ba. Amma ina ganin malaman da suna haɗa shi da maganar mulki da kyawun hali. Ina gaskiyar take, kuma me ya haɗa su?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka ba daga kansa ya ƙago ba, saɓani ne tsoho. Gaskiya ne Aristotal, masanin falsafar Girka, shi ne ya tsara manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma ta hanyar fassara ya shigo Larabci a Bagadaza, musamman daga zamanin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833). Ibnus Salah da Imam Nawawi sun haramta shi. Imam Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya kai ga cewa wanda bai san shi ba, ba a amince da iliminsa.

Wanda ya fi kowa ƙulla manɗiƙi da mulki shi ne Farabi, da ya rasu a Dimashƙa a 950, ana masa laƙabi da Malami na Biyu, wato bayan Aristotal. A wurinsa, abin da nahawu yake yi wa harshe shi manɗiƙi yake yi wa tunani: yana tsare shi daga kuskure. Da ya zo zancen shugaban garin kirki sai ya lissafa siffofi 12, cikinsu har da saurin fahimta, ƙarfin hadda, son ilimi, son gaskiya da ƙin ƙarya, rashin kwaɗayin dukiya, da son adalci. Ka lura, bai raba kaifin hankali da kyawun hali ba. A ganina, dalilin a fili yake. Sarki ba ya ganin yawancin abin da yake yanke wa hukunci da idonsa, labari ake kawo masa. Bafade ya kawo nasa, mai ƙara ya kawo nasa, mai neman muƙami ya kawo nasa, kowa da hujjar da ya yi wa ado. Idan sarki bai iya bambance hujja da zaƙin baki ba, zai yi zalunci ko da zuciyarsa fari tas ce. Idan kuma ya iya amma ba ya son gaskiya, ya zama gwanin ɗaure wa ɓarna gindi. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro.

Maganar kuma ba ta tsaya a Bagadaza ba, ta iso Kano. Shehu Magili, mutumin Tilmisan, ya zo Kano wajen 1492 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa Tajud Din, nasiha mai babi 8 kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Akwai jimlar da yake ta maimaitawa a cikinta: tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. To, wannan Magilin ne dai ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya yi rubutu yana haramta manɗiƙi. Hujjar Magili ita ce a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito, kuma da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. A ganina, nasiharsa ga Rumfa da amsarsa ga Suyuɗi tushensu ɗaya: kada girman mai magana ko kusancinsa ya hana ka auna abin da ya faɗa.

Ba na raina tsoron waɗanda suka haramta. A zamaninsu littattafan manɗiƙi a cakuɗe suke da ra'ayoyin falsafa da suka saɓa wa aƙida, kamar cewa duniya ba ta da farko, kuma Gazali kansa ya yaƙi wannan. Daga baya an tace manɗiƙi daga waɗannan ra'ayoyi. Abdurrahman Ahalari, mai littafin fikihun nan da yara ke farawa da shi a zaurukanmu, ya yi waƙar Sullam a kan manɗiƙi, inda ya kawo ra'ayoyi uku, ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya san Alƙur'ani da Sunna.

Shawarata, ka fara gyara nahawunka da tauhidinka, sannan ka ɗauki Sullam a gaban malami. Kada ka karanta shi kai kaɗai, domin babin ƙiyasi, wato haɗa jimloli don a fitar da sakamako, yana buƙatar mai ba ka misalai yana kama maka kuskure.