Tambayarka a kan carbi

Ɗana, na samu saƙonka, kuma sai da na yi murmushi kafin na aje waya. Ka ce ka ga 'yan addinin Buddha da Kiristoci suna jan carbi, shin daga wajensu muka aro, kuma in haka ne ko ya kamata ka aje naka. Murmushin bai daɗe ba, don na lura ba ka tambaye ni abin da ake nema da jan carbin ba.

Abin da ka gani gaskiya ne. Na Hindu da na mabiya Buddha 'ya'ya 108 ne, na Katolika 59, namu 99 ko 33. Masu halwar Kiristoci a dutsen Athos na ƙasar Girka igiyar ulu suke ƙuƙƙullawa, suna maimaita addu'a guda dare da rana. Kafin su ma, a hamadar Masar an yi wani mai bauta da yake ɗibar tsakuwa 300, duk addu'a ya yar da ɗaya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da yatsu yake ƙirga tasbihi.

Ina da shekara goma sha huɗu aka kwantar da kakanmu a asibiti, ni aka bari in kwana da shi. Gadon da ke kusa da nasa wani tsoho ne Kirista, 'yarsa na jinyarsa. Cikin dare, ɗaki tsit sai nishin marasa lafiya, zaren carbin Kaka ya tsinke. Ka ji 'ya'yan suna tsalle a siminti kamar ƙanƙara a rufin kwano. Na diro a firgice ina lalube cikin duhu, 'yar tsohon nan ta durƙusa tana taya ni, har ƙarƙashin gadon ubanta ta shiga. Da na ɗago kai don in ba Kaka haƙuri, sai na tarar ko ido bai buɗe ba. Babban yatsansa yana tafiya a kan gaɓoɓin sauran, leɓensa na motsi yadda yake tun farko. Na waiga ɗaya gadon, shi ma tsohon leɓensa na motsi, ƙaramin gicciye na reto a hannunsa. Mu yara biyu muna ta fafutuka a ƙasa, su kuwa kowa yana can inda yake. Har yau in na rufe ido ina ganin hannayen nan biyu.

Da asuba na ƙirga, 98. Na fashe da kuka. Kaka ya ce, "Zuciya akuya ce, in ba ka ɗaure ta ba gonar mutane za ta shiga. Carbi turke ne. Wadda ta saba da gida, ko igiya ta tsinke ba ta nisa." Daga baya na ji mabiya Buddha da biri suke kwatanta ta, mai tsalle daga reshe zuwa reshe. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, kada wani ya ruɗe ka, amma sun san wannan dabbar.

Kaka ne kuma ya ba ni labarin Junaidu na Bagadaza, babban malamin Sufaye, wanda aka gan shi da carbi aka ce, da darajarka duka? Ya ce hanyar da ta kai shi ga Ubangijinsa ba zai rabu da ita ba.

Abin da ke damuna da ku shi ne wannan ɗan na'urar da kuke maƙalawa a yatsa. Na ga mutum yana dannawa yana gardamar ƙwallo, ya cika dubu bai san me ya faɗa ba. Mu da aka koya mana, sai an zauna an yi shiru tukuna, numfashi ya kwanta, sannan a fara.

Carbin Kaka yana wajena. Na sake zarge shi a wancan makon, ban taɓa cike gurbin ɗayan ba. In ka zo hutu, ka tuna min in ba ka ka riƙe.