Kwangilarka za ta ƙare, kada ka yi shiru

Wani ɗan'uwa mai aikin kansa na gina shafukan intanet a ƙasar waje ya rubuto yana cikin damuwa. Kwangilarsa da wani kamfani za ta ƙare ƙarshen watan gobe, yana bin su kuɗin wata biyu, ga izinin zamansa ya kusa sabuntawa. Yayansa ya ce ya ja bakinsa ya ci gaba da aiki, tunda da kuɗin ake riƙe gida. Wani ajan kuma ya ce zai haɗa masa kwangilar bogi ya kai wa hukumar shige da fice.

Ɗan'uwa, ɗauko takardar kwangilar ka duba sharaɗin rabuwa. Sanarwar kwana nawa aka rubuta? Ta imel ko ta wasiƙa? Wasu kwangilolin suna sabunta kansu in kowa ya yi shiru, wasu kuwa da ranar ta cika shi ke nan. In taka irin ta biyu ce kuma ka ci gaba da aiki, ranar da rigimar kuɗi ta tashi sai ka sha wuya kafin ka tabbatar da abin da kuka yi alkawari.

Rubuta musu cikin ladabi, a taƙaice: ga ranar da zan kammala, ga fayiloli da kalmomin sirri da zan miƙa, ga lambobin takardun neman biya guda biyu da ba a biya ba. Tambaye su ko suna son sabuwar kwangila a rubuce. In ba sa so, roƙi wasiƙar shaidar aiki, za ta yi maka amfani wajen sabunta izini. In a Tarayyar Turai kake, dokar 2011 kan jinkirin biya ta ba ka damar neman ƙarin kuɗin jinkiri bayan kwana 30 idan ba ku tsayar da rana ba.

Ajan ɗin nan kuwa, guje shi. Na ga waɗanda aka kira kamfanin da ke jikin takardarsu aka ce ba a san su ba. Izini ya tafi, kuɗi sun tafi, ajan ya kashe waya.

Yayanka ba mugunta yake nufi ba, amma ba shi zai tsaya gaban jami'i ba. Faɗa masa gaskiya cewa aike zai ragu na ɗan lokaci, ya sanar da mutanen gida tun yanzu. Ranar da ka tura sanarwar, fara neman wani kamfanin.