Tambayoyinku Kan Zobe: Daga Hatimin Sarakuna Zuwa Akwatin Lefe

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan zobe. Mun taƙaita masu tsawo, mun haɗe masu kama da juna.

Wani malamin makaranta daga Katsina: Shin zobe da ma can ado ne, ko yana da wani aiki?

Malam, aiki ya riga ado. Tsoffin zobban da aka tono a Masar yawancinsu hatimi ne. Ana sassaƙa ɗan dutse da siffar buzuzu, a zana sunan mai shi ko na Fir'auna a cikinsa, a huda shi a zura waya yadda zai riƙa juyawa. In ana yawo bayan buzuzun ne a waje, in za a buga hatimi sai a juyo rubutun a danna a kan ɗanyen yumɓu. Wannan ne ya sa har yau zoben maza ke da faffaɗar fuska da kafaɗu masu kauri, domin abin da za a danna da ƙarfi dole ya jure. Rubutun kuma a juye ake zana shi, don ya fito daidai a kan abin da aka buga.

Rumawa sun mai da shi alamar matsayi. Talaka ɗan gari zoben baƙin ƙarfe yake sawa, na zinariya kuwa da farko na 'yan majalisar dattawa ne da manyan mahaya, kafin daga baya a sassauta. Suna da wani zoben mai ɗan makulli a jikinsa na buɗe akwati, kasancewar tufafinsu ba su da aljihu.

A tarihin Musulunci ma dalilin ke nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa lokacin da Annabi (SAW) ya yi nufin rubuta wa sarakuna wasiƙu, an gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa. Rubutun layi uku ne: Muhammad, Rasul, Allah. Bayansa zoben ya koma hannun Sayyidina Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, wanda a hannunsa ya faɗa rijiyar Aris da ke Madina. Aka kwana uku ana nema ba a same shi ba. Daga nan al'adar zoben azurfa ga maza ta kafu, tunda zinariya haramun ce gare su. Hadisin Sayyidina Ali a Muslim ya hana namiji sa zobe a manuniya da yatsan tsakiya, shi ya sa za ka ga malamai sun fi sa shi a ƙaramin yatsa.

Wani saurayi daga Kaduna: Budurwata na son zoben baiko mai daimon, ta ce haka ake yi a duniya tun fil azal. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne, ɗan'uwa. Zoben alkawarin aure tsoho ne a Turai, tun zamanin Rumawa. Mai daimon da aka fi ambata shi ne wanda Maksimiliyan na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi a 1477, amma wannan harkar gidan sarauta ce. Daimon bai sauko hannun ma'aikaci ba sai da aka gano shi a Afirka ta Kudu a 1867, aka kafa kamfanin De Beers a 1888. Siffar da ka sani, dutse ɗaya a ɗage bisa farata shida don haske ya shige shi ta ko'ina, kamfanin Tiffany na Amurka ne ya fito da ita a 1886. Abin da ya mai da shi kamar wajibi kuwa talla ce: a 1947 aka ƙirƙira wa De Beers taken da ke cewa daimon na har abada ne, aka yi ta buga shi shekara da shekaru.

A wajenmu abin da ke tabbatar da magana shi ne kuɗin gaisuwa da sa rana da sadaki. In kana da hali ka saya mata, ba laifi. Sai dai ka sani ranar da za a sayar, zinariyar zoben za a auna a biya kusan farashin kasuwa, ƙananan duwatsun kuwa sau da yawa cire nauyinsu ake yi.

Wata uwa daga Zariya: Ina haɗa lefen ɗana. Na ga lambobi a cikin zobba, 750, 875, 916. Me suke nufi, kuma yaya zan gane na gaske?

Hajiya, lambar tana faɗin yawan zinariya tsantsa a cikin kashi dubu. Mai 916 shi ne karat 22, mai 875 karat 21, mai 750 karat 18, mai 585 karat 14. Ragowar jan ƙarfe ne da azurfa da ake haɗawa don ƙarfi, saboda tsantsar karat 24 tana da laushi har tana lanƙwashewa a hannu. Ga lissafi: zobe mai giram 5 na karat 21 yana ɗauke da giram 4.375 na zinariya, in na karat 18 ne giram 3.75. Don haka kada a sayar miki da giram ɗinsu kuɗi ɗaya. Ki kuma sa a raba miki kuɗin gwal da kuɗin ƙira a rasit, domin na ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa.

Wanne ya fi? In ajiyar dukiya ake nufi, 21 ko 22 marar dutse. In zobe ne na sawa kullum mai duwatsu, 18 ya fi, don faratan da ke riƙe dutse ba sa saurin buɗewa.

Lamba kaɗai ba shaida ba ce, ana buga ta a kan na bogi. Maganaɗisu yana kama wanda aka yi da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama tagullar da aka yi wa ruwan gwal, irin wanda mata ke kira GL. Gwajin da ya fi a gida shi ne na ruwa, da sikelin da ke nuna 0.01 na giram. Ki auna zoben ki rubuta. Ki ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikelin ki mai da shi sifiri. Ki ɗaura zoben da siririn zare ki nutsar da shi, ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba, ki rubuta abin da sikelin ya nuna. Ki raba lambar farko da ta biyu. Karat 22 zai ba da wajen 17.7, karat 18 wajen 15.5, azurfa wajen 10.3, tagulla wajen 8.5. Gwajin ba ya aiki a zobe mai dutse ko mai rami a ciki, kuma kumfar iska da ta maƙale a jikinsa tana ɓata lissafi. In kayan masu yawa ne, a je wurin mai gwadawa ya goga a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan asid, ko ya sa a na'ura, a gabanki.

Ki gargaɗi amarya da abu biyu. Ruwan bilicin na wanki yana cin ƙarfen da aka haɗa da gwal, har faratan su karye. Wasu mayukan canza launin fata kuma suna ɗauke da zaiba, ita kuwa zaiba tana shiga zinariya ta mai da ita fara-fara mai saurin tsagewa.

Wani ɗan kasuwa daga Gusau: Zoben azurfata mai aƙiƙ yana baƙi, dutsen kuma ya faɗi sau biyu. An cuce ni ne?

Baƙin ba shaidar cuta ba ne, Alhaji. Azurfa ta gaske tana baƙi in ta haɗu da sinadarin farar wuta, wanda ke cikin ƙwai da albasa da roba da hayaƙi da sabulun maganin ƙuraje. Wanda ke barin koren tabo a yatsa shi ne abin zargi, jan ƙarfe ya yi masa yawa. Azurfa mai kyau ana buga mata 925. In kuma yatsa na ƙaiƙayi da ƙuraje, galibi akwai nikel a haɗin, cire zoben ne magani.

Zoben da ba dutse, a shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a ɗora shi a kai ya taɓa ta, a zuba kofi ɗaya na ruwan zafi da babban cokali ɗaya na bekin soda, a bar shi minti biyar, a ɗauraye a goge. Naka kuwa kada ka yi masa haka. Ruwan zafi yana sake gam, kuma zai wanke baƙin da maƙeri ya bari da gangan a cikin zane don ya fito. Ka yi amfani da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi mai laushi. A guji toka da yashi, suna kankare fuskar azurfa.

Faɗuwar dutsen laifin ƙira ne. Hanya biyu ake riƙe dutse: da farata, ko da bangon azurfa da ya zagaye shi aka danne bakinsa a kansa. Aƙiƙ mai tudun baya na biyun yake so. Bangon ya kamata ya ɗan haura inda dutsen ya fara lanƙwasa, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, sannan a danne shi gaba da baya, hagu da dama, kafin a bi sauran. Masu gaggawa sukan yi bangon gajere su cike da gam, alwala sau biyar a rana kuwa ba ta barin gam. Ka sa maƙeri ya sake bango, ya cire dutsen kafin ya kai zoben wuta, don zafi yana fasa aƙiƙ.

Ba kowane dutse ke jure sawa kullum ba. A ma'aunin tauri mai hawa 10, daimon ne na 10, yaƙutu 9, aƙiƙ wajen 7, fairuz 5 zuwa 6. Fairuz yana shan mai da turare har ya koma kore. Sannan ba duk aƙiƙ ne ɗan Yaman ba. An daɗe ana sassaƙa shi a Kambat ta Indiya, garin Idar-Obastain na Jamus ma ya yi ta rina shi yana turowa kasuwannin Afirka. Na gilashi ana gane shi da ƙananan kumfa a ciki in an haska fitila.

Wata ɗaliba daga Maraɗi: Yaya maƙeran Agadas ke fitar da zane a zobe ba alamar haɗi?

'Yar'uwa, da yawa zubi ne. Maƙeri yana murza kakin zuma ya siffanta zoben, ya ɗan fi girman da ake so tunda ƙarfe na tsukewa in ya huce, ya manna masa ɗan sandan kaki wanda zai zama hanyar zubi. Sai ya shafe shi da lallausan yumɓu mai garin gawayi, ya bari ya bushe, ya ƙara, sannan ya lulluɓe da yumɓu mai kauri. In ya gasa, kakin ya narke ya fita ya bar gurbinsa. Ya narka azurfa, wadda tsantsarta ke narkewa a digiri 961, ya zuba, in ta huce ya fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak. Ragowar aikin na magagari ne da ɗan tsinken zane, da shi ake fitar da layuka da kusurwoyin nan. In yumɓun bai bushe ba zoben zai fito da ƙananan ramuka, in kuma ya huce kafin zubi azurfar za ta daskare a hanya wani gefe ya fito a gutsure.

A da, azurfar da maƙeran farfaru ke samu yawanci tsabar kuɗi ce ake narkawa, musamman ta sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta. Azurfarta 833 ce cikin dubu, don haka tsohon zobe na iya zama na gaske ko da bai kai 925 ba. Maƙeran zinariya na Asante a Kumasi su ma da kaki suke aiki, sai dai su manne tukunyar narki da yumɓun wuri ɗaya, in zinariya ta narke su kifa. Zobban sarakunansu na ɗauke da tarwaɗa ko kunama ko kunkuru, kowanne da karin maganar da yake nufi.

Masu karatu da dama: Yaya ake auna yatsa, kuma me za a yi in zobe ya maƙale?

A yanki siririyar takarda a naɗa a gindin yatsa, a tabbatar za ta wuce gaɓa, a auna tsawon da milimita. Wannan lambar ita ce girman Turai. Milimita 54 ya yi daidai da lamba 7 ta Amurka, 57 lamba 8, 62 lamba 10. A auna da yamma, lokacin yatsa ya fi cika, ba da sanyin asuba ba. Zoben da faɗinsa ya wuce milimita 6 a ƙara masa rabin lamba. Mai juna biyu ta cire nata tun kafin hannu ya fara kumbura.

In ya maƙale, a ɗaga hannu sama na 'yan mintuna, a tsoma a ruwan sanyi, a shafa sabulu, a riƙa murzawa maimakon fizga. In ya ƙi, a zura bakin zare mai ƙarfi ta ƙarƙashin zoben, a naɗe yatsan da sauran zaren daf-da-daf har a wuce gaɓa, sannan a riƙa warwarewa daga ɓangaren zoben, zai biyo zaren. A gwada sau ɗaya ko biyu kawai. In yatsan ya fara duhu ko ya mutu, a tafi asibiti nan take a yanke zoben. Gwal da azurfa suna yankuwa cikin sauƙi, maƙeri kuma zai iya mayar da su. Zobban tangistin (wani ƙarfe mai tsananin tauri) da samari ke yayi ba sa yankuwa da abin yankan zobe, matse su ake yi da filaya mai kulle har su fashe, saboda haka a gaya wa ma'aikatan irin ƙarfen tun da farko.