Silifas ko mai tsini, da wanne zan tuƙa mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ban daɗe da karɓar lasin ba, motata manuwal ce. Ran nan na zo taka birki kawai sai silifas ɗina ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin fedal, Allah ne dai ya kiyaye da na daki motar gabana. Kuma ni wajen aiki mai tsini nake sawa. Don Allah wane takalmi ya fi dacewa da tuƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Gaskiya silifas kam ki haƙura da shi in za ki tuƙi, ba shi da abin da zai riƙe miki diddige, kina ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki shi kuma yana lilo, ko ya fice ko ya maƙale kamar yadda ya yi miki.

Abin da nake so ki gane shi ne, diddigen ƙafarki ta dama a ƙasa ya kamata ya zauna, daga nan ƙafar ke juyawa tsakanin totur da birki. To mai tsini yana ɗage diddigen nan sama, sai ki ga da kan yatsu kaɗai kike takawa, ga tsinin yana iya kama kafet, ga idon sawu ya gaji tun ba a je ko'ina ba, balle ke da ta hagu ma ba ta hutawa saboda kuloci, in aka shiga go-sulo kuwa sai kin ji a jikinki.

Ki nemi sau-ciki ko kambas marar nauyi wanda ya kama ƙafa ba tare da ya matse ta ba, don ƙafa na ɗan kumbura a doguwar tafiya. Ƙasansa ya zama roba mai kama fedal, kada kaurinsa ya wuce kamar milimita 10, saboda ki riƙa jin iya ƙarfin da kike takawa. Mai faɗi da yawa ma ba na so, irin manyan takalman but ɗin nan, yana iya haɗa birki da totur a taku ɗaya, wannan kuwa haɗari ne babba. In mai igiya ne ki ɗaure ta sosai. Ranar ruwa ki goge ƙasansa a kafet kafin ki tada mota, jiƙaƙƙen takalmi santsi gare shi.

Ƙafa ba takalmi fa? Wasu na yi, ni ban ba ki shawara ba, birkin gaggawa ƙarfi yake so, kuma gumi na sa ƙafa zamewa.

Mai tsininki ba sai kin daina sa shi ba. Ki ajiye na tuƙi guda ɗaya a mota, in kin isa ofis ki canza, amma wanda kika cire ki sa shi a but ɗin mota ko ƙasan kujerar baya, kada ki bar shi kusa da ƙafarki ya gangaro ƙarƙashin birki.