Amsa ga ƙanena na Pantami mai son zuwa Birazil karatu

Saƙonka ya iso tun daren Talata, na bari sai da na huce. Ka ce ka gama digirin fiziks, ka yi bautar ƙasa, Hajiya ta ba ka lambata, kana so in sama maka hanya ka zo Birazil ka yi irin aikina, wai tun da aka gano igiyoyin da Einstein ya yi hasashe a 2015 kake sha'awar fannin. To ƙanena, a nan ka fara tuntuɓe. Waɗancan daga karon baƙaƙen ramuka suke, can ƙuryar sararin samaniya. Nawa na iska ne, iskar da ke tayar da ƙura a Pantami kafin ruwa ya sauko. Suna ne kawai ya yi kama a Turance: waɗancan gravitational waves, nawa gravity waves. Da wani farfesa ka aika wa wannan, ba zai wuce layi na biyu ba.

Ga abin da nake yi, don ka san ruwan da kake shirin faɗawa. In hadari ya haɗu a watan Agusta, gajimare yana tunkuɗa iskar da ke kansa, nauyi ya dawo da ita, ta sake tashi, kamar ruwan dam ɗin Dadin Kowa in an jefa dutse. Wannan kaɗawa tana hawa sama, kuma da yake iska raguwa take yi a can, girman kaɗawar ƙaruwa yake yi. Yawancin igiyoyin suna fashewa wajen kilomita 80 zuwa 100, wasu su haifar da sababbi, kaɗan ne ke kaiwa kilomita 250 zuwa 300, gindin sashen ayonosfiya da muke kira F, inda hasken rana ya mai da wani ɓangaren iskar filasma mai ɗauke da cajin lantarki.

Bayan magariba abin ke daɗi. Rana na faɗuwa ƙasan sashen zai rasa cajinsa da sauri, samansa ya riƙe nasa, wani ƙarfin lantarki mai fuskantar gabas kuma ya ɗaga shi gaba ɗaya. Mai kauri a sama, marar kauri a ƙasa, kamar ka ɗora ruwa a kan man gyaɗa. Ƙiris yake jira. Igiyar hadarin nan tana lanƙwasa gindin, sai kumfa mai ƙarancin caji ta ɓullo ta yi sama ɗaruruwan kilomita, siginar GPS da ta ratsa ta ta kama rawa ko ta yanke. Tun 1938 aka ga alamar hakan a Huancayo ta ƙasar Peru, a 1976 na'urar rada ta Jicamarca, ita ma a Peru, ta nuna siffar kumfar. Amma har yau ba mai iya rantse maka cewa gobe da isha'i za a yi. Dare biyu masu kama da juna, ɗaya ya yamutse, ɗaya lafiya lau, kuma ana ta jayayya kan rabon igiyoyin a cikin wannan. Shekara biyar na ƙarar a kan wannan tambaya ɗaya, sau biyu ana dawo mini da takardar bincikena ta farko. Yau ɗalibai a nan da manhajar da na rubuta suke aiki, kuma ba wanda ya sama mini hanya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya daf da Bauchi da Gombe, kuma taurarin ɗan'adam sun nuna Afirka na cikin wuraren da kumfar ta fi yawa. Na ƙetare teku, na koyi Fotugis da wahala, don in karanci abin da ke faruwa a saman gidan Baba. A wani taro aka haska taswirar tashoshin awo, Kudancin Amurka cike, yankinmu fayau, wani ya juyo ya ce mini, ku me kuke yi ne a can? Na yi zuciya na roƙo na'ura na kai wata makaranta a gida. Wata tara tana cikin kwali. Da aka haɗa ta, batirin solar ya koma ofishin wani babba, alkaluman da suka zo mini duk giɓi ne daga magariba zuwa tsakar dare, daidai lokacin da nake buƙata.

Maganar kuɗi kuwa, cire ta a ranka. Tallafin karatu haya yake biya da shinkafa da wake. Ba za ka aika wa Hajiya komai ba, mutanen gida kuma ba za su yarda ba, za su ce ka samu duniya ka manta da su. Naman halal sai ka yi tattaki, azumi kai kaɗai kake buɗe baki a gaban kwamfuta.

Ban ce kada ka zo ba. Amma Toro ta jihar Bauchi nawa take daga Gombe? Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, na da cibiya a can mai tashar karɓar siginar tauraro, tana da ta binciken iska a Anyigba ta jihar Kogi, kuma tun 2015 akwai kyamarar ɗaukar hasken sama na dare a Abuja, wadda aka kafa tare da Jami'ar Nagoya ta Japan. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya tana shirya bita a kan wannan fanni don 'yan ƙasashe irin tamu. Ka taɓa neman ko ɗaya?

Ka koyi Python na rubuta manhaja, ka koma kan lissafin Fourier na tantance igiyoyi da kuka haddace don jarabawa. Ka sauko da alkaluman GPS na wata tasha a Najeriya, kyauta suke a intanet, ka zana mini yadda yawan cajin ayonosfiya ke sauyawa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 12 na dare, na wata guda. In ka turo wannan, ni da kaina zan rubuta wa mutum biyu a kanka. Hoton fasfo ɗinka da ka haɗo na goge shi. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata dakkakken yajin da ta aiko bara ya ƙare.