Tambaya da Amsa: Hasken da Ido Ba Ya Gani

Tambaya: Malam, an ce madubin hangen nesa na James Webb da hasken infirared yake kallon sararin samaniya. To in ido ba ya ganin hasken, ina amfaninsa? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, ido ba ya ganinsa, amma fata tana jinsa, shi ne ɗumin da ke bugun fuskarki in kin matsa kusa da garwashi. Wani masanin taurari mai suna William Herschel ne ya gano shi a 1800. Ya raba hasken rana zuwa launuka, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu launi ko kaɗan, sai ga ma'aunin ya hau.

Babban amfaninsa shi ne ratsa ƙura. Taurari a cikin gajimaren ƙura da iskar gas ake haihuwarsu, hasken da muke gani kuwa ba ya iya ketawa, infirared ne ke ratsawa. Sannan taurarin da suka fi nisa, saboda faɗaɗar sararin samaniya haskensu yana miƙewa a hanya, kafin ya iso ya koma infirared.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne sanyin da ake buƙata. Madubin da kansa in ya ɗumama zai fitar da nasa infirared ya dame hoton. Shi ya sa Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yake nesa da duniya da kimanin kilomita miliyan 1.5, a bayan laima mai shimfiɗa 5 da ke tare masa zafin rana. Daga doron ƙasa kuwa, tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye mafi yawan wannan hasken.